Hujin Iska a Robar Kunnena

Na daɗe ban ce komai ba a kan abin nan da kuke gani a bayan kunnuwana. Yau zan faɗa.

Sanƙarau ne ya kama ni a shekarun casa'in, ina koyarwa a firamare kusa da Gidan Waya. Da ciwon kai ya fara, sai wuya ya sandare. Mijina Bitrus ya kai ni asibiti a Kafanchan. Allura, ƙarin ruwa, har ruwan ƙashin bayana aka zuƙa.

Da na farfaɗo, na ga jaririyata Rifkatu ta wage baki tana kuka. Kukan kamar daga bayan dutse yake zuwa.



Aka tura mu Jos gwajin ji. Bitrus ya sayar da cittar da ya noma, aka saya mini na'urar ji ta kunne biyu. Aka yi mata roba daidai kunnena, mai toshe ramin ruf.

Maganar mutane ta dawo. Amma tawa muryar ta koma kamar na cusa kai cikin randa. In ina tauna gyaɗa, sai in ji kamar ana fasa dutse a kaina. Kunnen ya yi ta gumi da ƙaiƙayi, har ya fara ruwa. A aji na koma raɗa, yara suna cewa, "Malama, ba ma ji."

Sai na fara cire na'urar in zan fita.

Wata ranar kasuwa ina tsallaka titi, Rifkatu a goye. Ban ji babur ba. Wata Hajiya mai sayar da manja ce ta fizgo ni, hannun babur ɗin ya gogi zanen goyona. Ta kafa baki a kunnena: "Baiwar Allah, tun can yake danna miki oda!"

Na kwance yarinyar ina laluba kanta. Ba abin da ya same ta.

Muka koma Jos. Likitan ya ce, "Maman Rifkatu, za mu huda robar, iska ta shiga, muryarki ta sami hanyar fita. Amma ta hujin nan ƙara ma za ta zurare. In ya yi faɗi, ƙarfi zai ragu, na'urar kuma ta riƙa yin fito."

Haka kuwa aka yi. Muryata ta dawo, kunne ya bushe. Amma a coci in na ƙara ƙarfi don in ji wa'azi, sai tsiiii, matan zumunta duk su waiwayo. In na rage, kunnen hagu ya koma shiru, tsoron titi ya dawo sabo.

A ƙarshe aka toshe hujin robar kunnen hagu, wanda ya fi lalacewa, aka bar ƙaramin huji a na dama. Bai cika daidai ba, amma da shi na koyar har na yi ritaya.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Bitrus, da Hajiyar nan da ban san sunanta ba.

'Yan'uwa, in zazzaɓi ya zo da sandarewar wuya, ku ruga asibiti, in an warke a gwada ji. In na'urar ta dame ku, kada ku huda da kanku, kada ku ɓoye ta a jaka. Ku koma wurin likita ku faɗi yadda muryarku take a cikin kanku. Shi ba zai iya jin wannan ba sai kun faɗa.