Takardar da Na Mayar wa Malam Ta-Ina

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa, ko ana ruwa ko ana rana, yau shekara ashirin da uku. Ni na riga shi, don ni ke buɗe ɗakuna in share. Sai in ji ƙarar kekensa daga bakin ƙofa, keken nan da ko ɓarawo ya gani sai ya tausaya. Ya jingine shi gindin taga, ya ce, "Iya, an tashi lafiya?" In ce, "An dai tashi." Ya jera alli uku a bakin allo, ya ajiye kwalin zuba wayoyi a ƙofa, ya zauna. Shayinsa sai ya huce ya mutu yake tunawa da shi. Dariya kuwa sai an matsa, ita ma ta gefen baki ɗaya.

Malamin lissafi ne a makarantar sakandaren da nake shara. Ba lissafin kowa da kowa ba, na ajin ƙwararru, wanda 'yan shekarar ƙarshe masu kai ke zaɓa da kansu. Aljebra suke ce masa. Ni dai abin da na gane, lamba ce ke ɓuya bayan harafi, su kuma su yi ta bin sawunta har su kamo ta. Yara suka sa masa Malam Ta-Ina, don in ka kai masa amsa ba ya ce maka daidai ne ko kuskure, sai ya ce, "Ta ina ka bi?" To bana aka ce masa ya zaɓa: ko dokokinsa, ko ajinsa. Shi ya sa nake wannan magana, don na duba ban ga mai yi ba.

Dokokin nan a takarda guda suke, tsohuwa, ta yi ja, an liƙe maninkinta da salatif, ga tabon shayi a kusurwa. Ranar farkon shekara yake fito da ita. Kowane yaro sai ya zo da uwa ko uba ko wanda ke riƙonsa, a zauna, ya karanta da ƙarfi. Ya ce bai yarda mutum ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji da kunnensa ba. Ni da ke goge taga na ji ta sau ashirin da uku, har na fi yaran haddace ta.

Amsa ba hanya, sifili, ko da daidai ce. Hanya mai kyau da amsa ta kauce, yawancin makin naka ne. Aikin gida kullum, a kan tebur kafin ƙararrawa, in ya wuce haka riƙe abinka, sai dai in ciwo ne ko mutuwa. Wanda ya kasa, ya rubuta inda ya tsaya, an karɓa. Mai kwafa da wanda ya ba da kwafa, tare za su kwana a sifili. Wanda ya faɗi gwaji yana da damar sakewa sau ɗaya, amma sai ya zauna da shi yamma uku bayan an tashi. Sai wadda ta fi ba su haushi: ba a goge kuskure, ba a yaga shafi. A ja masa layi ɗaya a bar shi nan kowa ya gani. Yakan ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Su kuwa yara kunya gare su. Sai su yi gwajinsu a wata 'yar takarda daban, in ya lalace su duƙunƙune su jefa ƙarƙashin benci. Wa ke tararwa? Ni. A shekararsa ta biyu ya tare ni da kwandon shara a hannu.

"Iya, ina kike kai waɗannan?"

"Gidan biki. Ina ake kai shara, Malam? Wuta."

"Don Allah na ɗakin nan ki riƙa ajiye mini."

"Ƙunshin gyaɗa za ka fara sayarwa? Albashin ne ya gaza?"

Ya ce, "Littafi na nuna mini abin da suke so in gani. Wannan shi ke nuna mini inda suka faɗi."

Tun daga ranar, duk takardar da aka duƙunƙune a ɗakin nan sai in ware ta, in shafe ta da tafin hannu, in danne da dutse a kan teburinsa. Da safe ita yake fara dubawa. In yara suka shigo, sai ya koma kan daidai wurin da suka yi tuntuɓe jiya, bai kama sunan kowa ba. Suka riƙa cewa yana da aljanu. Ina ji ina shara. Ban taɓa ce musu aljanar ce ke ɗaga musu ƙafa tana share ƙarƙashi ba.

Akwai shekarar da ya yi kuskure, kuma sai na faɗa, don yabon da ba gishiri salam yake. Wata yarinya, 'yar mai ɗinki, shiru-shiru, amsarta ta zo iri ɗaya da ta yaron da ke bayanta, har wurin da suka kauce. Ya ba su sifili su biyu. Ta ce ba ta ba shi ba, leƙe ya yi. Malam ya ce doka doka ce. Ta fita ba ta yi kuka ba, sai da ta kai bayan famfo. Washegari ya tarar da takardu uku da na tsinto ƙarƙashin bencinta, ta yi ta fama ita kaɗai har ta gano hanya. Ya kira yaron, yaron ya amsa laifinsa. Sai Malam ya miƙe gaban aji, mutum mai furfura, ya ce, "Jiya na zalunce ki. Ki yafe mini." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma na cire maki biyu, don kin yi aiki a wajen littafi." Ka ji mutum. Yarinyar nan yanzu ita ke auna gadoji, an ce. Ba ta taɓa zuwa gaishe shi ba. Ban ce ta manta ba, na dai ce ba ta zo ba.

Malam, kai ne ka zauna yamma uku da ɗan kowa, ba ka tambayi waye ubansa ba. Kai ne ka je asibiti da alli a aljihu, ka yi wa yaron da ya karye darasi a bayan tiren abinci, nas na harararka. Dutse, ba ka jin rarrashi, amma kowa ya gaji kanka yake zama.

Sai dai duniya ta sauya, dutse bai sauya ba. Da ana cika ɗakin nan, arba'in har da na tsaye. Aka koma talatin, aka koma goma sha biyar. Yara suka gane wayar aljihunsu na tofo amsa kafin ka ƙifta ido, ga wani tsoho na tambayar ta ina. Ƙanne suka ji labari wurin yayye, suka riƙa kewaye ƙofarsa kamar gidan mahaukacin kare. Bana tara suka rage. Cikin taran akwai ɗan mai kantin magani, yaro mai kai, ya kawo amsa goma duk daidai, ba hanya ko ɗaya. Sifili. Uban ya zo da mota har gindin taga.

"Malam, amsar ɗana daidai ce ko ba daidai ba?"

"Daidai ce, Alhaji."

"To sifilin na uban wa ne?"

"Ka ji dokar da kunnenka ranar farko, ka sa hannu."

"Na ɗauka irin maganar da ake yi ce a wuce!"

Ai kuwa ya faɗi gaskiyar mutane da yawa.

Shugaban makaranta ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Yaro ne a kan Malam, yana ma jin nauyinsa. Amma yana da azuzuwan da yara tamanin ke zaune wasu kan taga, ga ɗaki guda ya tare da mutum tara. Ya zo da kansa bayan an tashi, ina kwashe shara, ba wanda ke sassauta murya don mai shara.

Ya ce, "Malam, biyu kawai nake roƙo. A ba amsa daidai makinta, a karɓi aikin da ya makara. In ka sassauta, iyaye sun ce za su turo yara baɗi, ajin ya tsaya. In ba haka ba, ranar Alhamis kwamiti zai rufe shi, ba yadda zan yi."

Malam ya ce, "Na ji."

Kwana uku bai ce mini an tashi lafiya da muryarsa ta kullum ba. Ranar Laraba da aka tashi na leƙa, na gan shi yana rubutu a sabuwar takarda fara ƙal. Ya gama, ya sa ta a aljihun gaba. Ya ɗauko tsohuwar, ya daɗe yana kallonta, ya duƙunƙune ta da hannu biyu, ya jefa kwando. Ya ja kekensa bai hau ba, haka ya tura shi har titi.

To ni aikina aikina ne. An ce mini duk takardar da aka duƙunƙune a ɗakin nan in ware in danne da dutse. Ba a ce ban da wance ba. Na ware ta, na shafe, na ɗora ta a saman sauran.

Da safe ya zauna, ya ɗaga dutsen, hannunsa ya tsaya. Ina bayan ɗaki ina share wuri ɗaya sau huɗu.

"Iya."

"Na'am."

"Kin san ko mece ce wannan?"

"Ni da ban san bihim ba? Takarda ce na gani a ƙasa."

"A kwando take."

"To kwandon a sama yake?"

Ya dube ni, na dubi tsintsiya. Na ce ban iya karatu ba, ban taɓa cewa ba ni da ido ba. Tabon shayin nan ko a duhu na san shi.

Ni na jera kujerun taron, ni na kai ruwa, don haka a gabana aka yi. Shugaba ya ce Malam zai karanta sababbin dokoki. Ya miƙe, ya taɓa aljihun gaba, ya bar hannunsa nan ɗan lokaci. Sai ya buɗe tsohuwar, duk ta yamutse, ya karanta ta daga farko har ƙarshe, bai rage wasali ba. Ya ce, "Na rubuta wata jiya. In na karanta muku ita, za ku samu aji cike, amma ba za a koyi komai a ciki ba, ni kuma zan riƙa sa hannu cewa an koya. Ku gafarce ni." Mai kantin magani ya yi tsaki. Wata uwa ta ce ita dai ɗanta ya gyaru a ajin nan, aka ce an ji, an gode. Aka ɗaga hannuwa. Ko minti goma ba a yi ba.

An rufe ajin. Ƙarshen zangon nan za a shigo da benci talatin. Shi kuma aka ce ya koma kula da ɗakin ajiyar littattafai har shekarunsa su cika, ya ce a bar shi ya tafi gida. 'Yan aji biyar guda shida da suka riga suka rubuta suna don baɗi, an ce su yi lissafin kowa da kowa. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya a ƙofarsa ranar nan tana leƙen allo, ba ta shiga ba. Ita ce ke hana ni sakewa. Da na kai takardar nan wuta, da yarinyar nan ta samu aji, ko da rabin aji ne. Ko rabin ya fi babu, ko babu ta fi rabin ƙarya, ni tsohuwa ce mai shara, wannan lissafin ya fi ƙarfina.

Na tambaye shi jiya yana kwashe littattafansa a kwali. Na ce, "Malam, ka ji haushina?"

Ya ce, "Na ji, Iya."

"Har yanzu?"

"Da sauƙi. Riƙe mini bakin kwalin nan."

Na riƙe, ya ɗaure.

Malam, ba a yi maka taro ba, ba a ba ka agogon bango ba, ga dai bakin tsohuwa. Na gode. Na gode a madadin waɗanda ka zauna da su yamma uku suka tafi ba waiwaye, da waɗanda za su gane ka sai sun yi furfura. Ka ba ni aikin da ya fi shara, ba ka taɓa sa na ji ni jahila ce ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa hutun ya karɓe ka, ko da yake ban ga alama ba.

Ku kuma malaman da kuka rage, 'ya'yana, ina ganinku kuna sunkuyar da kai in ya wuce. Ku ɗago ku dube shi da kyau kafin ya fita. Ban ce ku ɗauki taurin kansa duka ba, kun dai ga inda dukan ya kai shi. Ku raba a tsakaninku, kowa ya ɗauki abin da wuyansa zai iya. Amma kada ku bari ya tura keken nan ya fita da shi gaba ɗaya, don in ya fita ƙofar nan, ba a sayar da irinsa a kanti.