Ranar da Aka Ƙirga Shanun Baffa

Ban taɓa sanin gyatsar saniya tana da mai bin sawunta ba sai da na sami aikin tafinta. Wai ƙasarmu ta yi alkawari gaban duniya za ta rage hayaƙin da ke ɗumama sama, kuma ba za a yarda da ita ba sai ta faɗi nawa take fitarwa, har da wanda ke fita daga cikin shanu. To, sai an san yawan shanun. Da aka yi mini bayani a biro, wato ofis, dariya na danne, don na daɗe ina zaman kashe wando a unguwarmu Jambutu cikin Garwa, ga mata ga goyo.

Shugabarmu wata madam ce daga kudu, ba ta jin Fulatanci ko kaɗan. Ba muguwa ba ce, wallahi. Ƙarya ce kawai ba ta iya gani a takarda. Ni kuwa an ɗauke ni ne saboda fuskar babana, wanda ya tsufa yana saukar da makiyaya in sun kawo dabbobi kasuwar Garwa. A zaurensa suke kwana, a hannunsa suke barin ajiya. Cikinsu akwai dattijon da muke kira Baffa, amininsa tun suna samari. Shi ya yanka ragon sunana.

Rugarsa muka fara zuwa, can bayan Bibemi. Tun a mota na san abin da madam ba ta sani ba: ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Shi kansa ba ya furtawa. Da can tsoron baki ne da jangali. Yanzu kuwa mutanen daji ne, masu ɗauke ɗan mutum su yanka fansa daidai girman garkensa.

Baffa ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo kindirmo. Madam ta ce in tambaye shi. Na yi ta kewaye-kewaye, na gaida shanu, na gaida damina, sannan na ajiye tambayar kamar mai ajiye garwashi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Madam ta ce wannan ba lamba ba ce. Na ce mata ita ce lambar da za a samu. Ta ce babu damuwa, ta sa direba ya ɗauko ɗan jirgin nan mara matuƙi, mai ƙugi kamar taron ƙudan zuma. Amma saboda gaskiyar tata, ta ce sai na gaya wa dattijo komai tukuna: za a ɗauki hoton garken daga sama, a ƙirga, a sa wurin a taswira, a buɗe wa kowa. Cikin alfahari ta faɗa, wai duk mai waya zai iya dubawa, ba ɓoye-ɓoye.

Nan na ji kamar in nutse. In na sassauta maganar na ci amanarsa, in na faɗe ta yadda take na san abin da zai ji. Na faɗe ta yadda take.

Baffa bai dubi madam ba, ni ya duba. Ya ce, "Ɗana, kowa da kowa? Har waɗanda suka ɗauke ɗan maƙwabcina bara?"

Na juya wa madam da Faransanci. Na ga abin ya taɓa ta. Ta ce ba za a rubuta suna ba, ɗigo ne kawai a taswira. Haba madam, a dajin da ruga ɗaya ce gefen rafin, ɗigo ai suna ne. Na gaya mata haka, har da zafi. Ta ce za ta kai maganar sama, amma yau dole a ƙirga, don in wannan yanki ya zo babu komai za a ce ƙasar ta ɓoye. Ita ma a ɗaure take, na gani. Sai dai ita za ta koma kudu.

Jirgin ya tashi, shanu suka firgita suka dunƙule. Baffa ya zauna yana kallon ƙasa har aka gama. Da za mu tafi ya raka mu bakin mota, ya ce in gaida babana.

Kafin damina ta ƙare muka ji ya kwashe iyali da garke ya yi wajen Banyo, hanya mai nisa ga tsoho, kuma dabbobi sun zube masa a tafiyar. Bai aiko ba. Ranakun kasuwa babana ya ci gaba da sa a share zaure, yana zaune bakin ƙofa har la'asar. Sauran makiyayan ma suka fara ja baya, labari ya zaga cewa ɗan mai masauki ne ke kawo jirgi.

Da babana ya zage ni da na sami sauƙi. Ko sau ɗaya bai ɗaga maganar ba, don ya san abin da ake dafawa a gidan daga aikin nan yake fitowa. Kuma akwai sauran rugage a gaba, duk na mutanensa.

Washegarin ranar da muka ji labarin tashin Baffa, motar ta tsaya a ƙofarmu da safe ta yi oda. Na fito da takalmi a hannu, na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Je ka, suna jiranka. Yau gidan wa?"