Hannun Mutum-mutumi

Ta taga mai sayar da tikiti take kallonsa. 'Yan fim sun cika tashar jirgin ƙasa, sun sa wa wani dattijo rigar gwangwani da hular ƙarfe mai rufe fuska. A labarin, shi mutum-mutumi ne mai tunani, ya rako yarinyar da ya yi rainonta za ta hau jirgi. Aikinsa guda ne: ya ɗaga hannu ya yi bankwana.

Da ya ɗaga, sai hannun ya kama rawa.

"Baba, inji ba ya karkarwa," in ji darakta. "A sake."

Karo na biyar ke nan. Ba ya musu, sai dai ya gyara tsayuwa, ya tsura wa ƙofar taragon ido har bayan an ce a dakata. Mai tikitin, shekararta ashirin a bakin tagar nan, ta san wannan tsayuwar. Ba koyonta ake yi ba, sai wanda ya taɓa rako nasa bai dawo ba.

Da aka ba da hutu ya cire hular, ta fito ta miƙa masa ruwa. Fuskarsa sharkaf.

"Zufa ce, 'yata," ya ce, tun ba ta tambaya ba.