Habiba Mai Kallon Ƙafa

A ƙauyenmu na bayan tabkin Madarunfa ba a ɗauki Habiba a bakin komai ba. Ita ba ungozoma ba ce, ba ta taɓa yanke cibiya ba, ba ta kuma je lakwal ta yi boko ba balle a ba ta farar riga. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Amma da mace ta fara naƙuda sai Habiba ta sauke kaskonta ta shigo, ta zauna bayan mai naƙudar ta tallafe ta, ta danna mata ƙugu, ta ba ta ruwa, ta kori ƴan kallo. In abu ya ƙi, ita ke raka ta likita, wato asibiti, ta tsaya har unguwar zoman gwamnati ta gama. Mata suna cewa shisshigi ne, su ɗin da in nasu ya zo ita suke fara aika wa.

Abin da ake mata dariya a kai shi ne ba ta duban fuskar mai naƙuda, ƙafarta take kallo. A wurinmu tun yarinya tana ƙarama ake cusa mata cewa kukan haihuwa abin kunya ne, balle ta fari. Habiba ta ce mata sun koyi ɗaure fuska, amma ba wanda ya koya musu ɗaure yatsun ƙafa. In yatsun suna lanƙwashewa suna sakewa, lafiya. In sun dunƙule sun ƙi buɗewa, a nemo amalanke.

Ni maƙwabciyar gidan Malam Alhassan ce, katanga ɗaya, kuma har yau in na gan shi a zaure yana jan tasbaha raina ɓaci yake. Surukarsa Fati marainiya ce daga Gabi, ba uwar da za ta koma wurinta goyon ciki, sai ta zauna gidan miji. Mijin, Haruna, yana Najeriya neman kuɗi, ko noman wannan shekarar bai dawo ba. Uwar mijin kuwa, Atika, ba ta da abin alfahari a duniya sai cewa ta haifi tara ba wanda ya taɓa jin tarinta.

Da kaka ne, ana kwasar hatsi. Fati ta wuni ta kwana da naƙuda bakinta gum, Atika tana fitowa tsakar gida tana yaba ta. Da hantsi Habiba ta ji labari ta shigo ba a kira ta ba, na bi bayanta. Fuskar yarinyar sumul, har da ɗan murmushin gaisuwa. Habiba ta ɗaga bakin zanen, ta ga yatsun a dunƙule, tabarmar kuma ta jiƙe da jini. Ta fita zaure ta durƙusa, ta roƙi Malam Alhassan a kawo amalanke.

Mutumin nan, da gemunsa fari, ya ce amalanke tana gona. Ya ce kuma matar aure ba ta fita sai da izinin miji, wayar Haruna ba ta shiga. Ya tambaya ko yarinyar ta ce wani abu na damunta. Atika ta amsa daga soro cewa ko uffan ba ta ce ba.

"To kin ji," ya ce. "Mai ciwon ba ta yi kuka ba, ke mi naki ciki?"

Habiba ta miƙe ta ce, "Tunda kuka kake jira, bari in yi mata."

Ta tsaya ƙofar gida, ta ɗora hannu a ka, ta kurma irin kururuwar da ake yi in an yi mutuwa. Mace mai jikoki, da rana tsaka. Maza suka baro gonaki a guje, mata suka fito da luduya a hannu. Da aka cika ana salati ana tambayar wa ya rasu, ta ce musu Fati ce, ba ta mutu ba tukuna, amma su ɗan jira, maigidan yana neman izini. Malam Alhassan, da jinin surukarsa bai motsa shi ba, sai ga shi idon jama'a ya tashe shi tsaye yana faɗan a yi sauri. Ɗan Azumi mai jaki ya zubar da dammunansa a hanya, aka ɗora Fati a amalankensa, Habiba ta hau ta rungume ta.

Fati ta rayu, sai da aka ƙara mata jini. Ɗan ya zo ba rai. An ce da an kawo ta tun jiya, da wata maganar ake.

Na je gaisuwa. Da kunnena na ji Atika tana gaya wa baƙi cewa Allah ya ba su suruka mai dauriya, har aka kai ta likita ba ta buɗe baki ba. Habiba kuwa aka hana ta shiga gidan, wai ta tona musu asiri. Matan gidan suka daina sayen ƙuli-ƙulinta, suna aikawa har kasuwa.

Haruna ya dawo, bana Fati na da wani cikin, wata takwas. Shekaranjiya na je sayen mai, sai ga ta ta shigo gidan Habiba da kwalba, alhali gidansu ba a sayen man nan. Har yanzu ba ta iya neman taimako da baki ba. Ta zauna bakin tabarma, ta cire takalmanta, ta miƙe ƙafafunta gaban Habiba.