Haƙoran giyar motar Bature a kan buhu

Don Allah, laifi ne mutum ya gyara abin da ya gani a hargitse?

Wata uku ke nan da na baro Nahuce na zo Gusau koyon kanikanci, har yau wankin ƙarafa da kananzir ne aikina. Amma Sani, ɗan Tsafe da ya zo bayana, shi ake kira in za a buɗe akwatin giya. Wallahi abin na ci mini rai.

Jiya aka kawo motar Baturen da ke sayen gyaɗa, giya ta biyu na fita da kanta. Maigida da Sani suka kwance akwatin, suka jera haƙoran kan buhu, babba kusa da ƙarami. Da suka tafi cin abinci na ce yau za a san ni. Na wanke su tas, na ware manya gefe, ƙanana gefe, kamar yadda Inna ke ware iri.

Maigida ya dawo ya tsaya cak.

"Wa ya taɓa buhun ga?"

"Ni ne, Maigida. Na gyara."

"Ka gyara? Yadda suka fito aka jera su, don su koma haka! In motar ga ba ta tashi ba, Nahuce za ka kwana."

Sani ya durƙusa, ko kallona bai yi ba, ya mai da kowanne wurinsa da ka.

Ya cece ni, na sani. To mi ya sa gode masa ke yi mini wuya? Ko ku ma kun taɓa jin haka?

Bari in tafi, ga Sani can yana kirana in miƙo masa sifana.