Titi a Kan Hedimasta

Masu aski uku ne a layinmu, saboda haka idan ka ce "mai aski" sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce Mai Titi, nan take za a nuna maka shagon da ke tsakanin na tela da wani kango mai baƙin bango. Sunan ya samo asali ne daga wata Talata da tsohon hedimasta ya zo rage suma, don da rana za a ɗauke shi hoton katin shaida.

Hedimasta mutum ne mai ji da gashinsa. Ya haura saba'in, kunne ya yi nauyi, gwiwa ta riga shi yin ritaya, amma sumar nan fara fat tana nan cike da kai, yana tattalinta kamar gonar gado. Kuma da an yafa masa ƙyalle a kujerar aski, sai barci. Mai aski ya gama gefen dama, ya gama na hagu, ya ɗora inji a goshi zai daidaita gaba, sai tayar wata tifa ta fashe a bakin hanya. Injin ya kama tafiya daga goshi bai tsaya ba sai ƙeya, ya shata titi a tsakiyar kai.

Hedimasta bai ji ƙarar ba. Ya farka bai ga mai aski ba, shagon kuma babu madubi. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya ji lafiya lau, ya ɗora hula ya tafi. A ofishin katin aka ce a cire hula. Mai hoton tsohon ɗalibinsa ne, kamar rabin mutanen unguwar, kuma har yau bai iya buɗe baki ya yi wa hedimasta gyara ba. Ya ɗauki hoto, ya ce a sauka lafiya.

Mun yi dariya har ciki ya ƙulle. Babu wanda ya tambayi inda mai askin ya shiga. Ashe yana bayan labule, wurin da yake ajiye bokiti, a durƙushe, hannuwa a ka.

Abin da ya ja hankalina daga baya shi ne sababbin halayensa. Zai tuɓe takalmi kafin ya taɓa kan kowa. Zai saki wani dogon numfashi kamar ana sace iskar taya. Ran nan kuma ya jawo durowa zai ɗauko almakashi, na hango ledar balan-balan, irin na yara, cike taf. Mutum mai jikoki huɗu! Sai da na yi aski biyar, biyu daga ciki kaina bai ma nema ba, kafin na haɗa labarin.

Shekara ashirin da shida yana shagon nan. Wurin kawunsa ya koyi sana'ar, kuma an san shi da hannu mai natsuwa. Tsofaffi masu tamoji a wuya wurinsa suke zuwa gyaran gemu da aska. Kangon nan na kusa da shi kuwa, da shagon mai walda ne, amininsa. Kullum da safe tare suke shan shayi, suna musun ƙwallo kamar za a daku. Wata safiya tukunyar gas ta fashe. Bango ya tsage, babban madubin shagon aski ya zube. Mai walda bai tashi ba. Shi mai aski ko ƙwarzane babu.

Aka yi masa barka da arziki, bayan mako guda ya share gilasai ya buɗe shago. Madubi ne bai sake saye ba. Askar ma ya ajiye ta, ya ce ai an daina yayinta. Kafaɗunsa suka hau har kusa da kunne suka zauna can. Ya sha maganin gyambon ciki, ya sha na zazzaɓi, aka auna jini aka ce lafiyarsa ƙalau. A gida maiɗakinsa ta koma ajiye murfin tukunya a kan tsumma, don idan ya faɗi ƙasa maigida sai ya tsinci kansa a ƙofar gida.

Washegarin ranar titi hedimasta ya dawo, hula a hannu. Muka taru kallon faɗa. Ya juyo ya ce, "Kowa ya kama gabansa!" da muryar nan ta taron safe a makaranta, tela mai furfura ma sai da ya ruga. Da ya rage su biyu, mai aski ya fara ba da haƙuri. Hedimasta ya ce, "Bar wannan. Miƙo hannunka in gani." Ya miƙa, yatsu suna kaɗawa. "Tun yaushe?" Ya ce tun ranar da tukunyar gas ta fashe.

Hedimasta yana da wa da ya dawo daga aikin soja, ya yi shekara talatin yana zabura duk sanda aka buga ƙofa, har ya rasu ba a kai shi ko'ina ba, ana cewa halinsa ne. Ya ce ba zai sake zuba ido ba. Ya sa mai aski a gaba har wani sashe na asibiti, wurin wata ma'aikaciyar jinya da ta ƙware kan irin wannan. Ita ma, ba sai na faɗa ba, tsohuwar ɗalibarsa ce.

Mai aski ya naɗe hannun riga yana jiran allura. Sista, wato ma'aikaciyar jinyar, ta ce, "Baba, tuɓe takalminka."

Ya ce, "'Yata, ai ciwon ba a ƙafa yake ba."

"To a ina yake?"

Ya nuna ƙirji. Ya nuna ciki. Ya taɓa wuya, ya ɗaga hannu, ya ƙare da kai.

Ta ce, "Ka ga ke nan ya zagaye gidan kaf, mu ma duka za mu bi. Kanka ya san abin ya wuce, Baba. Jikinka ne ba a sanar wa ba. Kamar mai gadi ne da ya ga gobara sau ɗaya, tun daga nan ko ashana aka ƙyasta sai ya busa usur. Kuma ba ya jin lacca, sai an nuna masa."

Ta sa shi ya dafa tafin ƙafa a siminti, ya gaya mata ko da sanyi ko da ɗumi. Ta koya masa jan numfashi gajere, sakinsa dogo. Ya dunƙule hannu da ƙarfi ya saki, ya ɗage kafaɗa ya sauke, har ya gane bambancin jiki a ɗaure da jiki a sake, wanda ya ce ya manta akwai shi. Ta ɗora masa tafiyar ƙasa da safe, ta rage masa shayi mai kauri; wannan ne kaɗai suka yi rigima a kai. Ranar Alhamis kuma yana zama da wasu irinsa: direban da ya yi hatsari, wata mai abinci da ruwa ya ci gidanta. Nan ake magana. Sai a mako na shida ya iya faɗin abin da ya tokare shi: a safiyar nan mai walda ya ƙwala masa kira ya zo ya ga wani abu, shi kuma ya ce bari ya ƙarasa shayinsa. Ya ce har yau bai san ko godiya zai yi wa kofin nan ba ko fushi.

Barci ya fara dawowa, ciki ya lafa, amma hannu ya ƙi aska. Sai wata rana Sista ta tambaye shi yadda hannun ya koyi askar tun farko. Ya yi dariya ya ce kawunsa balan-balan yake hurawa, ya shafe shi da kumfa, ya ce a aske shi tas ba tare da ya fashe ba. Ta ajiye biro. Ga aska, ga natsuwa, ga kuma ƙarar da yake gudu, 'yar ƙarama, a hannunsa, a lokacin da shi ya zaɓa.

Suka fara da wanda ba a cika hurawa ba. Na farko da ya fashe, mai aski ya tsinci kansa a baranda, kumfa har gira, masu jiran likita suna ja da baya saboda askar. Mako na biyu bakin ƙofa ya tsaya. Daga baya sai ya zauna daram a kujera, ƙafa a siminti, yana zagin balan-balan da iyayensa. A gida maiɗakinsa ce mai hurawa. Ta ce a shekara talatin na aure ba ta taɓa aikin da ya gajiyar mata da kumatu haka ba.

Duk wannan lokaci hedimasta ya ƙi zuwa wurin sauran masu aski biyun. Titi ya cike, suma ta yi daji, gemu ya sauko ƙirji. Wata biyar cif, sannan ya shigo ya zauna ya ce, "Yau da aska za ka yi mini." Mai aski ya ce, "Malam, a bari dai." Ya ce, "Ban tambaye ka ba." Ya lumshe ido.

Ina kan benci ran nan, tela yana leƙe ta taga. Mai aski ya tuɓe takalmi, ya wasa aska, ya shafa kumfa. Ya gama kumatu, ya sauko maƙogwaro. Daidai nan wani ya saki ƙofar shagonsa ta ƙarfe, ta bugi ƙasa, ji kake garam! Ni kaina sai da na zabura. Na ga ya ɗage askar sama, ya tsaya. Yatsun ƙafarsa suka kama siminti. Rawar ta taso, muna kallonta, tun daga gwiwa har kafaɗa, bai hana ta ba. Ya saki dogon numfashin nan sau uku. Sannan ya dubi hannunsa, ya mayar da aska, ya ƙarasa wuyan tas.

Hedimasta ya buɗe ido ɗaya. Tela ya ce, "Malam, yau ma barcin ka yi?" Ya ce, "Wane barci? Wuya ɗaya gare ni."

A makon nan aka kafa sabon madubi. Ba wai ya warke sarai ba ne. Akwai ranar da zai rufe shago da hantsi ya ce yau jikin ya ƙi, kuma Alhamis ba ya fashi. Katin shaidar hedimasta kuwa sai nan da shekara goma za a sake shi, kuma ba ya jin nauyin fito da shi ko ba a tambaya ba.

Jiya tela ya leƙo ya ce, "Mai Titi, an ce kwangilar hanyar kasuwa kai za a ba, tunda ba ka karkata."

Mai aski yana karkaɗe ƙyalle, ƙafa ba takalmi, ya ce, "Ku yi ta dariya. Wata uku ina rawar jiki a gabanku, kai har rigata ka auna ba ka gani ba. Sai da na rubuta abin a kan hedimasta sannan aka samu mai karantawa."