Labulen Malam Jibirin

Malam Jibirin mutumin Lakwaya ne, ɗan gidan malamai, sai dai shi allura Allah ya hore masa, ba alƙalami ba. Ya koyi ɗinki a Kano, ya dawo ya kama aiki a wata cibiyar koyon sana'a da ke bakin hanyar Gwarzo zuwa Kabo, aka ba shi ajin mata. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da tef ɗin awo a wuya ko da zai shiga masallaci. Na san shi ne a lokacin da nake zuwa cibiyar ina koya wa matan karatu da rubutu.

Bai daɗe da fara aiki ba zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Aka daina aiko da yadi da zare, aka dakatar da ɗaukar ma'aikata. Malamin kafinta ya koma gona, ajinsa ya zama ma'ajiyar gyaɗa. Malam Jibirin bai tafi ba. Idan keken ɗinki ya lalace, sai ya kwance wani ya ciro abin gyara, har rabin kekunan suka koma gawa a jingine da bango. Da yadi ya gagara, sai ya riƙa bin magina yana karɓar buhunan siminti na takarda, ya kakkaɓe su, ya goge. A kansu matan suke koyon awo da yanka da ɗinki.

Akwai ragowar atamfa mai zanen tulu a sito tun zamanin wadata, yana tsimin ta kamar hatsin bazara. Ba ya fito da ita sai watan ƙarshe kafin jarrabawa. A lokacin ne yake tsayawa a kan kowace ɗaliba, ya riƙe mata gefen atamfar, ya nuna mata yadda take zamewa a ƙarƙashin almakashi, da inda zanenta ya fuskanta. Kowace shekara tana raguwa, har ya rage turame kaɗan.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, saƙo ya zo daga Kano cewa duk ajin da bai fitar da ɗalibai a jarrabawa ba za a rufe shi. Ana cikin wannan damuwa sai mazajen ɗaliban suka zo wurin shugaban cibiyar, Alhaji Mudi, suka ce ba su yarda namiji ya tsaya a kan matansu ba. Ko a kawo malamar ɗinki, ko matan su zauna a gida.

"Malama kuma daga ina, alhali ko masinja an hana ni ɗauka?" in ji Alhaji Mudi da ya kira Malam Jibirin. "Labule za mu sa. Ka yi magana daga baya, kamar yadda ake yi a wasu makarantun Islamiyya."

"Ranka ya daɗe, karatu ake ji da kunne. Ɗinki da ido ake yin sa. Kuma da wane yadin za a yi labulen?"

"Da atamfar nan da kake wa gadi kamar amarya. Kafin jarrabawa an aiko da sabuwa, in Allah ya yarda."

Da hannunsa ya ɗinka labulen, ya raba ajin biyu. Aka sa Uwaliya, mai buga tafireta a ofis, ta riƙa kai masa aikin ɗalibai tana dawowa da gyara.

"Malam, ga rigar Badi'a," za ta ce. "Ni dai ban ga laifinta ba, sai ƙamshin siminti."

"Gaya mata hammatar ta matse."

Sai Badi'a, wata bazawara daga Sabon Birni da ke fatan ciyar da 'ya'yanta da ɗinki, ta ɗaga murya: "Malam, ai ina jin ka! Labule ne, ba katanga ba."

Suna ta dariya, shi kuwa ba ya yi. Yakan ce musu, "Ku lura, takarda ba ta da kai ba ta da ƙafa, atamfa kuwa tana da su." Su amsa da "To, Malam," alhali ba wadda ta taɓa ɗora almakashi a kan yadi.

Watan ƙarshe ya zo ya wuce, ba a aiko da ko ƙyalle ba. Ranar jarrabawa masu dubawa suka iso, suka ce rigar takarda ba riga ba ce. Malam Jibirin ya nemi matan su fita, ya sauke labulen, ya farke ɗinkinsa, ya raba atamfar a kan tebura. Tun da babu sauran shamaki, sai ya fita ya zauna a gindin darbejiya.

Matan suka yi abin da suka saba yi da takarda. Domin kada a yi asarar ko taƙi ɗaya, suka riƙa juya atamfar ta kowace fuska suna yankawa. Da la'asar Uwaliya ta fito da rigar Badi'a ta miƙa masa. Awon daidai yake, ɗinkin a miƙe, amma tulunan gaba suna tsaye, na baya a kife, na hannuwa a kwance. Sauran rigunan ma haka suke, wasu har sun karkace.

"Malam, ba za ka ce komai ba?"

Ya juya rigar gaba da baya, sa'an nan ya ce, "Ɗinkinta ya yi kyau. Gaya mata haka."

Ba wadda ta ci. Aka rufe ajin kafin damina, aka shigar da buhunan gyaɗa tsakanin kekunan. Badi'a ta koma Sabon Birni tana surfe a gidajen mutane. Malam Jibirin ya ci gaba da zuwa cibiyar kowace safiya, yana zama a gindin darbejiyar tare da Uwaliya da mai gadi, har aka sallame shi. Yanzu yana facin tsofaffin riguna a wata rumfa a kasuwar Kabo, idanunsa sun fara dusashewa. Na taɓa tambayarsa ko zai ɗauki masu koyo. Ya gyara zaman tef ɗin a wuyansa, ya ce, "Malama, da wane yadin?"